Joshua Reynolds

Sir Joshua Reynolds (16 ga watan Yuli, 1723 zuwa 23 ga watan Fabrairu, 1792) mai zane ne ɗan ƙasar Ingila wanda ya shahara da zana hotunan mutane da fenti. Shi ne shugaban farko na Royal Academy of Arts, babbar ƙungiyar masu zane ta Birtaniya da aka kafa a Landan a shekarar 1768, kuma yana kan wannan muƙami ya mutu. Ya rayu kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto, lokacin da duk mai son kamanninsa su wanzu bayan ransa sai ya zauna gaban mai zane. 'Yan sarauta, hafsoshin soja, marubuta da 'yan wasan kwaikwayo na zamaninsa sun zauna gabansa, kuma zane-zanen da ya bari sun haura 2,000.

A Turai ta ƙarni na 18, zane hawa-hawa ne. Wanda aka fi girmamawa shi ne zanen da ke ba da labarin tarihi, addini ko tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Zanen fuskar mutum kuwa ana kallon sa a matsayin sana'ar neman abinci kawai. Reynolds ya yarda da wannan tsari, ya kuma koyar da shi, amma zanen fuska ne ke kawo masa kuɗi. Saboda haka ya ƙare rayuwarsa yana neman ɗaga darajar zanen fuska ta hanyar sanya masa kwarjini irin na zanen tarihi. Daga wannan ƙoƙari shahararsa ta samo asali, daga nan ne kuma mafi yawan sukar da aka yi masa ta fito.

Farkon rayuwa

An haifi Reynolds a Plympton, wani ƙaramin gari kusa da birnin Plymouth a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa, Samuel Reynolds, malamin coci ne da ya yi karatu a Jami'ar Oxford, kuma shi ne shugaban makarantar garin. Sunan mahaifiyarsa Theophila Potter. Gidansu na ma'abota karatu ne, amma ba masu hannu da shuni ba ne. Da farko mahaifinsa ya yi niyyar sa shi koyon sana'ar harhaɗa magunguna. Sai dai tun yana yaro hankalinsa na kan zane, kuma littafin da Jonathan Richardson ya wallafa a 1715 kan ƙa'idojin zane ya yi tasiri ƙwarai a kansa.

A shekarar 1740, yana da shekara 17, aka kai shi Landan koyon sana'a a hannun Thomas Hudson, wani sanannen mai zanen fuska wanda shi ma ɗan Devon ne. Yayarsa Mary ce ta biya fam 60, wato rabin kuɗin koyon. An yi yarjejeniyar shekara huɗu, amma ya bar wurin a 1743 ya koma Devon, inda ya riƙa zana hafsoshin sojan ruwa da manyan mutanen yankin. Mahaifinsa ya mutu a ƙarshen shekarar 1745.

Tafiya zuwa Italiya

A wancan lokaci, mai zanen da bai ga ayyukan magabata a Italiya da idonsa ba, ana ganin karatunsa bai cika ba. Reynolds ya samu wannan dama a 1749, lokacin da wani matashin hafsan sojan ruwa mai suna Augustus Keppel ya ɗauke shi a jirgin yaƙinsa, Centurion, zuwa Bahar Rum. Sun ya da zango a Lisbon, Cadiz da Aljiyas, sannan suka isa tsibirin Minorca. A can Reynolds ya yi watanni yana zana hafsoshin Birtaniya don tara guzuri, a can ne kuma ya faɗo daga kan doki ya ji rauni a leɓe, tabon da ake iya gani a hotunan da ya zana na kansa.

Ya isa birnin Rum a 1750, ya zauna shekara biyu yana nazarin ayyukan Raphael da Michelangelo da tsofaffin mutum-mutumi na Girkawa da Rumawa. Wata mura mai tsanani da ta kama shi a lokacin, wadda ake dangantawa da sanyin ɗakunan Batikan inda yake kwafar zane, ta taɓa masa ji. Daga baya ya riƙa yawo da wani ƙaho na ƙarfe da yake karawa a kunne idan ana masa magana.

A hanyarsa ta komawa gida a 1752 ya bi ta Florence, Parma, Bologna, Venice da Faris. A Venice ya yi nazarin yadda su Titian da Tintoretto da Veronese suke raba haske da duhu. Yakan ɗauki takarda ya shafa mata baƙi a inda zanen ke da duhu, ya bar fari a inda ke da haske, ba tare da ya kula da abin da aka zana ba, don ya gane ma'aunin da suke bi. Ya iso Ingila a watan Oktoba na 1752 tare da wani yaro ɗan Italiya, Giuseppe Marchi, wanda ya zama mataimakinsa na shekaru masu yawa.

Aiki a Landan

Reynolds ya tare a Landan a 1753. Aikin da ya fito da sunansa shi ne babban hoton Keppel a tsaye. Maimakon ya nuna hafsan a ƙame kamar yadda aka saba, sai ya nuna shi yana taku a bakin teku, igiyar ruwa na tashi a bayansa, tsayuwarsa kuma an aro ta ne daga mutum-mutumin Apollo. Nan da nan masu kuɗi suka yi masa ca. Zuwa ƙarshen shekarun 1750, a lokacin da manyan mutane ke cika Landan, yakan karɓi mutum biyar ko shida a rana, kowanne ya zauna kamar awa ɗaya.

A 1760 ya koma wani babban gida a Leicester Fields, inda yanzu ake kira Leicester Square. Ya gina ɗakin aiki da zauren nuna zane-zane a gidan. Farashinsa ya riƙa hawa. A 1761 yana karɓar gini 80 a kan hoton mutum tun daga kai har ƙafa, a 1764 kuma an biya shi gini 100 a kan hoton Lord Burghersh. Gini tsabar zinariya ce da darajarta ta kai sule 21, wato fam ɗaya da sule ɗaya.

Ba shi kaɗai yake yin aikin ba. Kamar sauran manyan masu zane na zamanin, shi yakan tsara hoton ya zana fuska, sannan mataimaka irin su Marchi da Peter Toms da ɗalibinsa James Northcote su cike tufafi da bayan hoto, daga ƙarshe ya bi ya gyara. Ƙananan littattafan aljihu da yake rubuta sunayen masu zuwa da lokacinsu suna nan har yau, kuma da su masana suke tantance shekarar da aka yi zane-zanensa da dama. Ya kuma ba masu sassaƙa hoto a farantin tagulla damar kwafar ayyukansa, ana buga su a takarda ana sayarwa da araha. Ta haka mutanen da ba su taɓa shiga gidan mai sarauta ba suka san aikinsa.

Salonsa

Reynolds ya kira tafarkin da yake bi babban salo. Manufarsa ita ce kada mai zane ya tsaya ga kwafar abin da ido ya gani da dukkan aibinsa. Ya kamata ya nazarci siffofi da yawa, ya tace su, ya fitar da siffar da ta fi kamala. A aikace, wannan na nufin aro tsayuwa ko zama daga ayyukan magabata, da sanya wa mata doguwar sutura mara ado da yawa wadda ba ta bin yayi, don kada hoton ya tsufa idan yayi ya wuce, da kuma nuna mutum a matsayin wani daga cikin tatsuniya ko tarihi.

Misali mafi shahara shi ne hoton 'yar wasan kwaikwayo Sarah Siddons, wanda aka nuna a 1784. Ya zana ta a kan karaga cikin gajimare a matsayin allahiyar wasan ban tausayi ta Girkawa, da wasu siffofi biyu a bayanta cikin duhu, ɗaya riƙe da wuƙa, ɗaya da ƙoƙo. Zamanta ya yi kama da na annabawan da Michelangelo ya zana a rufin cocin Sistine, kuma Reynolds ya rubuta sunansa a gefen rigarta. A hoton Lord Heathfield na 1787 kuwa, ya nuna hafsan da ya kare Gibraltar daga ƙawanyar da aka yi mata tsakanin 1779 da 1783 yana riƙe da ƙaton mabuɗin ganuwar, hayaƙin igwa ya turnuƙe bayansa. Wannan mabuɗi kaɗai ya isa ya ba da labarin mutumin.

Amma ba duk aikinsa ke da irin wannan kwarjini ba. Hotunan da ya yi wa abokansa da na yara suna da sauƙi da kusanci. A wani hoton Samuel Johnson na 1775 ya nuna marubucin ya kawo littafi dab da idonsa saboda raunin gani, abin da Johnson bai ji daɗinsa ba. Ya kuma zana kansa da hannu a bayan kunne, kamar mai ƙoƙarin jin abin da ake faɗa. Da yawa daga cikin masu nazari a yau sun fi son waɗannan hotuna, duk da cewa sun saɓa wa abin da yake koyarwa game da ɓoye aibi.

Ya gwada zanen tarihi zalla shi ma. Akwai zanen Ugolino da 'ya'yansa a kurkuku na 1773, da na jariri Hercules yana shaƙe macizai wanda ya yi wa Sarauniya Catherine ta Rasha, yana kuma gidan tarihi na Hermitage a yanzu. Waɗannan ba su samu karɓuwar da hotunan mutanensa suka samu ba.

Royal Academy da laccocinsa

Sarki George na Uku ya sa hannu a takardar kafa Royal Academy ranar 10 ga watan Disamba, 1768. Aka zaɓi Reynolds shugaba, sarki kuma ya ba shi lambar girma ta Sir a 1769. Cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar da su akwai mata biyu, Angelica Kauffman da Mary Moser. Ƙungiyar ta buɗe makarantar koyar da zane kyauta, ta kuma fara baje kolin zane-zane na shekara-shekara a 1769, wanda har yanzu ake gudanarwa.

Tsakanin 1769 da 1790 Reynolds ya gabatar wa ɗalibai da 'yan ƙungiyar laccoci 15, waɗanda aka buga da sunan Discourses. A cikinsu ya nuna cewa zane aikin hankali ne kamar waƙa da falsafa, ba aikin hannu kaɗai ba. Ya jaddada cewa ƙwazo da nazari sun fi dogaro da baiwa. A lacca ta shida, ta 1774, ya kare aro daga magabata, yana ganin cewa wanda bai cika ƙwaƙwalwarsa da ayyukan wasu ba, ba zai daɗe ba zai fara maimaita kansa. Ya rufe lacca ta ƙarshe, ranar 10 ga Disamba, 1790, da ambaton sunan Michelangelo. An fassara laccocin zuwa Italiyanci, Faransanci da Jamusanci, kuma suna cikin muhimman rubuce-rubucen da aka yi da Ingilishi kan ƙa'idar zane.

A 1773 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa, a shekarar ce kuma aka zaɓe shi magajin garin Plympton. Bayan mutuwar Allan Ramsay a 1784 ya zama babban mai zanen sarki, duk da cewa sarkin bai cika son aikinsa ba.

Abokansa

Reynolds ya fi zama da marubuta a kan masu zane. A 1759 ya rubuta maƙaloli uku a jerin rubuce-rubucen The Idler na Samuel Johnson, mai shahararren ƙamus na Ingilishi. A 1764 shi da Johnson suka kafa wata majalisar hira da ake kira The Club, wadda ke zama a wani gidan cin abinci a unguwar Soho. Cikin 'yan majalisar akwai ɗan siyasa Edmund Burke da marubuci Oliver Goldsmith, daga baya ɗan wasa David Garrick, masanin tarihi Edward Gibbon, masanin tattalin arziki Adam Smith da James Boswell suka shiga. Boswell ya sadaukar da littafinsa na tarihin rayuwar Johnson, wanda ya fito a 1791, ga Reynolds. Ya zana da yawa daga cikin waɗannan mutane, kuma ta hotunansa ne aka fi sanin kamanninsu a yau.

Babban abokin gasarsa shi ne Thomas Gainsborough. Hanyoyinsu sun sha bamban. Gainsborough bai taɓa zuwa Italiya ba, ba ya kuma cika hotunansa da ishara ga tatsuniyoyi. Sun daɗe ba sa ga-maciji sosai, amma da Gainsborough ya kwanta ciwon ajali a 1788 ya aika aka kira masa Reynolds. Reynolds yana cikin waɗanda suka raka gawarsa, ya kuma keɓe laccarsa ta 14 don yin bayani a kan aikinsa.

Hoton Mai

Mai, wanda Turawa suka riƙa kira Omai, matashi ne daga tsibirin Raiatea a tekun Pasifik. Ya iso Birtaniya a 1774 a jirgin Adventure, ɗaya daga cikin jirage biyu na tafiyar Kyaftin James Cook ta biyu, ya zauna kusan shekara biyu kafin a mayar da shi yankinsu. Reynolds ya zana shi a tsaye, ba takalmi, cikin fararen tufafi masu yalwa da naɗi a kai, ana ganin zanen gargajiya da ke hannuwansa. An nuna hoton a baje kolin 1776.

Muhimmancin hoton yana fitowa idan aka kwatanta shi da sauran hotunan zamanin. A yawancinsu, har da wasu na Reynolds kansa kamar na Lady Elizabeth Keppel, baƙar fata yakan fito ne a gefe a matsayin mai hidima, ba a ma rubuta sunansa. Mai kuwa shi kaɗai ne a hotonsa, an kuma ba shi girma da tsayuwa irin waɗanda ake ba manyan Turawa. Duk da haka masana suna nuni da cewa surar da aka ba shi ta fi nuna yadda Turawa suke kallon mutanen nesa a lokacin. A 2023 gidan adana hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan da gidan tarihi na Getty da ke Amurka suka haɗa kuɗi suka sayi hoton a kan fam miliyan 50.

Matsalar dusashewar launi

Reynolds ya daɗe yana neman sirrin launukan masu zanen Venice, don haka ya riƙa gwaje-gwaje da kayan aiki. Yakan haɗa fenti da kakin zuma, ƙaro, ƙwai da mai iri-iri, ya shafa wani kan wani tun na ƙasa bai bushe ba. Ya kuma yi amfani da wani jan launi da ba ya jure haske. Sakamakon haka, fuskoki a hotunansa da dama sun koɗe sun yi fari fat, wasu hotunan kuma sun tsattsage ko sun yi duhu. Wasu sun fara lalacewa tun yana raye, masu su suna ta ƙorafi, amma hakan bai hana mutane zuwa wurinsa ba. Har yau gyaran zanen Reynolds yana da wahala, domin sinadarin da zai wanke datti yana iya narkar da fentin. Gidan tarihi na Wallace Collection a Landan ya gudanar da bincike a kan hanyoyin aikinsa, ya kuma nuna sakamakon a wani baje koli a 2015.

Suka

Tun yana raye an zarge shi da satar fasaha. A 1775 Nathaniel Hone ya zana wani tsohon boka yana fito da hoto daga tarin takardun zanen magabata, kowa kuma ya gane da wa yake. Mawaƙi kuma mai zane William Blake ya cika gefen shafukan kwafinsa na laccocin da raddi mai zafi, domin shi a ganinsa baiwa da ilhama su ne tushen fasaha, kuma kyau yana cikin ƙananan bayanai ne da Reynolds ke cewa a tace. Matasan da suka kafa ƙungiyar Pre-Raphaelite a 1848 sun yi masa laƙabi da Sir Sloshua, suna wasa da sunansa da wata kalmar Ingilishi mai nufin malala ruwa, don nuna cewa fentinsa a dagule yake.

Iyali da ƙarshen rayuwa

Reynolds bai taɓa aure ba. Ƙanwarsa Frances, wadda ita ma mai zane ce, ta daɗe tana kula masa da gida, daga baya 'ya'yan yayarsa Mary suka karɓe ta. A 1781 ya ziyarci yankin Flanders da Holand, inda ayyukan Rubens suka ƙara wa launukansa armashi.

A 1789 idonsa na hagu ya daina gani, dole ya ajiye buroshi. A 1790 ya yi murabus daga shugabancin ƙungiyar sakamakon saɓani a kan zaɓen wani mai tsara gine-gine, Joseph Bonomi, amma aka sasanta ya koma. Ya mutu a gidansa ranar 23 ga Fabrairu, 1792, sanadin ciwon hanta, yana da shekara 68. An binne shi a babban cocin St Paul da ke Landan. Mafi yawan dukiyarsa ya bar wa Mary Palmer, 'yar yayarsa. Benjamin West ne ya gaje shi a shugabancin Royal Academy, Thomas Lawrence kuma ya zama mai zanen sarki.

Wasu ayyukansa da inda suke

Augustus Keppel: National Maritime Museum, Greenwich.
Nelly O'Brien: Wallace Collection, Landan.
Lady Sarah Bunbury: Art Institute of Chicago, Amurka.
'Yan matan Waldegrave su uku: babban gidan adana zane na Scotland, Edinburgh.
Kanar Banastre Tarleton, 1782: National Gallery, Landan.
Sarah Siddons: Huntington, jihar Kalifoniya.
Lord Heathfield, 1787: National Gallery, Landan.
The Age of Innocence, hoton wata ƙaramar yarinya a zaune: Tate, Landan.

Tasirinsa

Kafin Reynolds, yawancin manyan masu zanen fuska da suka yi aiki a fadar Ingila baƙi ne, irin su Holbein, Van Dyck, Lely da Kneller. Shi ne ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya hawa wannan matsayi, ya kuma sa aka fara kallon mai zane a matsayin mai ilimi. Thomas Lawrence da Henry Raeburn sun bi sawunsa a zanen fuska. J. M. W. Turner, wanda ya shiga makarantar ƙungiyar a 1789 lokacin Reynolds na shugabanci, ya nemi a binne shi kusa da shi a cocin St Paul. Mutum-mutumin Reynolds da Alfred Drury ya ƙera yana tsaye a farfajiyar Burlington House, mazaunin Royal Academy na yanzu, riƙe da buroshi da allon haɗa fenti. A 2023 gidan tarihi na The Box da ke Plymouth ya shirya baje koli na cika shekara 300 da haihuwarsa.